Ɗakin da Kan Wani Ba Ya Tare Wa Wani

Ruwa ake tsugawa ranar da na shiga ginin Royal Institution da ke Titin Albemarle a Landan, cibiyar kimiyyar da aka kafa a 1799. Ɗakin laccarta na je gani, inda Michael Faraday ya riƙa tsayawa yana nuna wa jama'a gwaje-gwajensa, inda kuma ake yi wa yara laccocin Kirsimeti tun 1825.

Na tarar za a yi lacca, kujerata kuwa tana can sama. Wani dogon mutum ya zo ya zauna a gabana, gabana ya faɗi, don na saba da ɗakunan taron da dabensu shimfiɗe yake, inda hula ɗaya ko ɗaurin ɗankwali ɗaya kan raba ka da allo har a tashi. Da na jingina, sai ga ƙeyarsa can ƙasa da idona. Teburin malami fes, har da kwalaben da ke kansa, allon majigi ma haka.

Ashe abin awo ne. Baligi in ya zauna, idonsa kan kai kamar mita 1.1 zuwa 1.2 daga ƙasa, daga ido zuwa tsakar ka kuwa kamar santimita 12. Waɗannan santimita 12 su ne masu tsara ɗaki ke nema wa kowane layi, domin kallon na baya ya bi ta saman kan na gaba. Kuma hawan ba daidai yake ba: duk yadda ka ƙara nisa, dole matakin ya ƙara tsawo. Wani injiniya ɗan Scotland, John Scott Russell, shi ya bayyana wannan lissafi a 1838, ya nuna cewa hanyar da ido ke bi ita kunne ma ke bi. Gaskiyarsa, don ko ƙarar buɗe murfin kwalba sai da na ji.

Wajen ƙafa dai da matsi, gwiwata na taɓa kujerar gaba, matakalar kuma sai ka dafa. Amma na yafe wa masu tsara ɗakin.

A gefena wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 9 ba, ƙafafunta ba su ko taɓa ƙasa. Da malamin ya kunna wuta a bakin kwalba, ba ta miƙe ba, ba ta leƙa ba. Tana zaune, harshen wutar na rawa a cikin idonta.