Ɗana, Kafin Ka Sayi Monitar Gyaran Hoto

Na ji labarin ka kama shago, har ka fara zagayen kasuwa kana tambayar kuɗin monita. Allah ya sanya albarka, ya sa ka buɗe a sa'a. Tunda a hannuna ka koyi riƙon kyamara, ba zan bari ka kai kuɗinka kasuwa ban faɗa maka abin da na sani ba.

Abin da nake gani a wurin samarinmu masu hoto shi ne, mutum zai yi wata da watanni yana tari ya sayi kyamara mai tsada da fitilu, amma da an zo kan monita sai ka ji ya ce kowace ma ta yi, ba dai ta kawo hoto ba? To, monita ita ce mudun mai hoto. Da ita kake auna haske, da ita kake auna launi. Mai awon da mudunsa ya lotse kuwa, ko da zuciya ɗaya yake aiki, sai ya tauye wa mutane hakkinsu. Saboda haka kada ka nemi wadda za ta burge ka. Nemi wadda za ta gaya maka gaskiyar hotonka, ko da gaskiyar ba daɗi.

Aikinmu a nan ya fi na wasu wurare buƙatar wannan gaskiyar. Dubi hoton biki guda ɗaya: ango cikin farar shadda da aikinta, amarya baƙa kyakkyawa cikin jan leshi, ga lalle a hannu, ga ƙawaye da ankon atamfa mai launi biyar. Dole zanen shaddar nan ya fito, kada ta zama farin fili kawai, dole kuma fuskar amarya ta fito da ainihin launinta, kada ta dushe, kada ta yi toka-toka. A zamanin fim, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa wuraren wanki wani kati mai hoton Baturiya da ake kira Shirley, da shi ake saita inji, sai a shekarun 1990 ya fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Wato tun asali ba da fatarmu aka yi awon ba. Yau awon ya dawo hannunka, kuma a kan monita kake yin sa.

Tambayar farko da za ka yi wa mai kaya ita ce irin allon. Iri uku ne suka cika kasuwa: TN, VA da IPS. TN ita ce mai araha, kuma ita ce a jikin yawancin tsofaffin kwamfutocin ofis. Da ka ɗan ɗaga kai ko ka sunkuya, hasken hoton ya sauya, sama ya yi duhu, ƙasa ya yi fayau. Ta yaya za ka gyara fuskar mutum a kan abin da yake canzawa da zamanka? VA tana da baƙi mai zurfi, tana daɗin kallon fim, amma ita ma launinta yana ɗan gocewa ta gefe. IPS ce ta mai hoto. Gwajin ba wuya: a buɗe maka hoton fuska, ka kalla ta gaba, ka matsa gefe, ka miƙe tsaye. In launin fatar ya tsaya yadda yake, ka kama hanya.

Sai yawan launin da take iya nunawa. Akwai ma'aunin da ake kira sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. A kansa intanet take tafiya, kuma shi yawancin injinan wanki suke karɓa. Ka nemi monitar da aka rubuta tana cika kashi 99 ko 100 cikin ɗari na sRGB. Ka yi hattara da ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake rubuta wa kashi 45 na wani ma'aunin da ake kira NTSC, domin ko kashi biyu cikin uku na sRGB da ƙyar suke kaiwa. A kansu jan leshi yakan fito a koɗe, sai ka yi ta ƙara masa launi, in an wanke ya fito ja zur, ba ko alamar saƙa. Akwai kuma Adobe RGB na 1998, wanda ya fi faɗi ta wajen kore da shuɗi-shuɗi. Masu aikin mujalla da manyan ɗab'i ne suke buƙatarsa. Kai da aikinka biki ne da suna da fasfo, hotunanka kuma a WhatsApp da Instagram da albam za su ƙare, kada ka ci bashi dominsa. In ma ka samu mai shi, ka tabbata tana da wurin mayar da ita sRGB, in ba haka ba fuskoki za su riƙa yi maka ja fiye da yadda suke.

Maganar girma, inci 24 mai 1920 da 1200 ta ishi mai farawa. In aljihu ya yarda, inci 27 mai 2560 da 1440 ta fi sakewa. Amma inci 27 mai 1920 da 1080 kawai, girman banza ne, ɗigoginta manya ne, ba za ka tantance hoton da ya fito tas da wanda ya ɗan goce ba. Ita 4K, wato 3840 da 2160, tana da kyau, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Mai kaya zai yi ta zuga ka da cewa wannan tana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, waccan mai lanƙwasa ce. Wannan na masu wasan gem ne, hoto kuwa a tsaye yake, 60 ta wadatar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka zaɓi mai fuska dishi-dishi wadda ba ta ƙyalli, don kada ka wuni kana kallon inuwarka da ta ƙofar shago. Talabijin ɗin bango kuma ka bar shi wa masu jiran layi. An ƙera shi ne ya ƙawata hoto, yana ƙara launi da kaifi da kansa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne haske. Monita takan zo daga kamfani a ƙure, wata ta kai nit 250 ko 300 a ma'aunin haske, saboda ta ja ido a kanti. Takardar hoto kuwa ba ta da fitila a bayanta. Na san wani yaro mai hannu sosai da ya yi aikin wani babban biki, a shagonsa hotuna tar kamar ka taɓa, da albam ya dawo daga wanki fuskoki duk sun yi duhu. Ya tafi ya yi ta faɗa da masu wanki, alhali laifin yana kan teburinsa. Dangin amarya suka riƙe cikon kuɗi, ya sake wanki daga aljihunsa, kuma gidan ba su ƙara kiransa ba. In aikin na wanki ne, ka sauke hasken zuwa wajen nit 100 ko 120, farin ya tsaya a 6500K, gamma a 2.2. Ranar farko za ka ga kamar ta dushe, bayan kwana biyu ido ya saba. Ka kashe duk wani tsarin ƙara armashi da ke cikinta, da hasken daren nan na Windows da ke mayar da allo rawaya.

Akwai 'yar na'urar da ake ratayawa a fuskar monita ta auna launi ta daidaita shi, irin Spyder ta Datacolor ko wadda Calibrite ke yi. Monita mai matsakaicin kuɗi da aka saita ta fi mai tsada da aka bari haka nan. Ba kullum ake amfani da na'urar ba, sau ɗaya a wata ya isa, don haka ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku saya, tana zagayawa. Kafin ku samu, ka zaɓi hoto ɗaya mai fuska da farin kaya da jan kaya, ka kai wurin da kake wanki, ka dawo da takardar ka riƙe ta kusa da allo cikin haske mai kyau, ka yi ta gyara har su yi kusa. Ka tsaya wa wurin wanki ɗaya, domin kowane inji da halinsa.

Ɗakin ma yana da nasa. Kada taga ta kasance a bayanka ko a bayan monita. Bangon da kake fuskanta ya zama fari ko ruwan toka, domin koren fenti ko labule mai ruwan hoda yana ruɗin ido ba ka sani ba. Ka bar monitar ta yi kamar rabin awa a kunne kafin ka shiga aikin launi. Ka haɗa ta da HDMI ko DisplayPort, ka rabu da tsohuwar wayar VGA. In HDMI ce, ka duba saitin kwamfuta ya kasance a cikakken zango, 0 zuwa 255, domin wani lokaci takan ɗauki monita a matsayin talabijin, baƙi ya koma toka.

Eizo ta Japan ita ce sarauniya, amma kuɗinta ba na mai farawa ba ne. BenQ mai lamba SW, da Dell UltraSharp, da ASUS ProArt duk suna aiki. Ta hannu ba laifi ba ce, ko a Kano ka samu ko a Ikeja, muddin an kunna a gabanka. Gani ya kori ji. Ka tafi da filashinka ɗauke da fili fari, baƙi, toka, ja, kore da shuɗi. A farin ka duba ko wani gefe ya yi rawaya, a baƙin ka duba ko haske na tsiyaya daga kusurwa, a sauran ka nemi ɗigon da ya mutu. Wadda ta tsufa har farinta ya koma ruwan madara, ko kyauta aka ba ka kada ka gyara hoton mutane a kanta. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza, ka san halin wutarmu, sannan ka ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi, ba da gefen riga ba.

Ɗana, biki sau ɗaya ake yin sa, wanda ya ba ka hotonsa amana ya ba ka. In kuɗin bai kai ba, ka jinkirta kujerun alfarma da allon talla, ka fara sayen monitar kirki. Allah ya ba ka kasuwa mai albarka, ya tsare ka daga cin hakkin mutane.