Zoben Da Ke Gindin Kwanso

A lardin Saskacewan na ƙasar Kanada, inda gonakin alkama suke shimfiɗe har iyakar ganin ido, akwai wani dattijo manomi wanda ya ba shekara saba'in baya, yana kuwa da tabo a kuncinsa na dama, daf da ido. Kowace shekara idan aka gama girbi, sanyi ya fara saukowa, sai ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan gidansa ya zauna gaban teburin aiki, domin shirin farautar barewa ta watan Nuwamba. A can ƙasar doka ta yarda wa maharbi ya sake ɗura kwanson harsashin da ya riga ya harba domin amfanin kansa, saɓanin Nijeriya inda dokar bindigogi ta 1959 ta hana mutum ko da mallakar harsashi ba tare da lasisi ba.

Bindigar gidan tsohuwa ce, ƙirar Lee-Enfield mai lamba 4, irin wadda sojoji da 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna saɓawa a zamanin da. An ƙera ta a masana'antar Long Branch kusa da birnin Toronto lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an gama yaƙi kuwa aka sayar da irinta da araha ga manoma da maharba. Dattijon ya yi aiki da ita shekaru masu yawa, sa'an nan ya ba ɗansa, ɗan kuwa ya rasu shekara biyu da suka wuce ya bar yaro ɗaya.

Wannan yaro, mai shekara goma sha bakwai, shi ne ya shigo ɗakin wata rana da yamma ɗauke da gwangwanin biskit wanda ya samo a bargar dawakin mahaifinsa. Da ya buɗe sai ga kwanson harsashi samfurin .303 guda sittin, duk waɗanda marigayin ya sha harbawa yana sake ɗurawa. Ya ce, "Kaka, da waɗannan nake so in harbi barewata ta fari." Dattijon bai ce masa i ko a'a ba. Ya jawo fitila kusa, ya sa tabarau, ya zazzage kwansunan a kan tsumma, ya ce wa yaron ya zauna.

Shi kwanson harsashi da tagulla ake yin sa, watau kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓi wannan gami ne domin yana buɗewa idan albarushi ya kama wuta, ya toshe mazaunin harsashi yadda iska mai zafi ba za ta dawo baya ba, kana ya ɗan tsuke domin a iya zare shi. Matsin da yake dannewa ba ƙarami ba ne, gama a harsashin .303 yana iya kaiwa fam 49,000 a kan kowane inci murabba'i, fuskar maharbi kuwa tana nan kusa da gindinsa, bai fi taƙi ɗaya ba. Amma fa tagulla tana da wani hali da kowane maƙeri ya sani: duk lokacin da aka buɗa ta aka kuma matse ta, sai ta ƙara tauri, ta rage juriya, har ran da za ta tsage.

Dattijon ya fara da wuya. Ya riƙa ɗaga kowane kwanso yana juya shi a gaban fitila, ya ware guda tara waɗanda bakinsu ya tsage kamar kaushin ƙafa. Ya gaya wa yaron cewa wannan gajiya ce ta yawan matsi, kuma maharba sukan jinkirta ta da gasa wuyan kaɗai da wuta, amma gindi ba a kusantar da shi ga wuta ko kaɗan, domin ƙarfinsa a taurinsa yake. Wasu guda bakwai kuma sun yi tsatsa kore-kore, da 'yar tsaga siririya a kafaɗa, alhali ba su nuna alamar shan aiki ba. Da ya ji cewa a barga gwangwanin ya shekara biyu, sai ya kaɗa kai. Sojojin Ingila sun gamu da wannan ciwo a Indiya, inda harsasan da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa da kansu, ba a kuwa gane dalili ba sai a 1921, da masana suka tabbatar cewa sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin doki shi ne ke cin tagullar da ke cikin matsi.

Daga nan ya koma ga gurbin ɗan ƙyastun da ke gindi, wanda allurar bindiga ke sara ya kunna albarushi. Guda shida gurbinsu ya buɗe, ƙyastu yana shiga ba tare da wata turjiya ba, wasu har da baƙin hayaƙi a kewaye. Wannan alama ce cewa gindin kansa ya faɗaɗa saboda matsi ya yi masa yawa, kuma ba shi da gyara.

Yaron yana kallo tulin da aka ware yana ƙaruwa, ransa ya fara ɓaci, ya ce sauran ai lafiyarsu ƙalau, ga su suna ƙyalli. Dattijon ya ɗauki ɗaya daga cikin masu ƙyallin ya nuna masa wani siririn zobe mai haske wanda ya kewaye kwanson, 'yar tazara kaɗan sama da gindi. Ya samo 'yar waya ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ya zura cikin kwanson, ya miƙa wa yaron ya ce ya jawo ta a hankali tana gogar bango. Yaron ya ja, sai ya ji wayar ta faɗa wani ɗan kwari, daidai inda zoben yake a waje.

Abin da ke kawo wannan kwari shi ne, idan aka harba, gaban kwanson da yake siriri yakan kama bangon mazauni tam, gindin kuwa sai matsi ya tura shi baya har ya tokari sakata, saboda haka tagullar da ke tsakani ita ce ke miƙewa. Lee-Enfield ta yi suna wajen wannan, domin haƙoran kulle sakatarta a baya suke, mazauninta kuma an yi shi da yalwa don harsashi ya shiga ko da laka a fagen fama. Idan mai ɗura ya mayar da kwanson girmansa na asali kowane karo, ya datse tsawon da ya ƙaru, to, abin da yake datsewa a baki daga wancan wuri ya fito. Dattijon ya ɗauki zarto ya raba kwanson biyu a tsaye, ya ajiye a tafin hannun yaron. Bangon da ya kamata ya yi kauri ya koma kamar takarda.

A nan ne ya ɗora yatsa a kan tabonsa. Ya ce, "Ɗan nan, ina da ƙuruciya na ga zobe irin wannan, na ce saura harbi ɗaya. Kwanson ya rabu biyu a cikin bindiga, iska mai zafi ta dawo mini. Da ta ƙara rabin inci, da yau da ido ɗaya nake duban ka." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya faɗi abin da ya fi yi masa nauyi. Ya ce shi ne ya koya wa marigayi wannan aiki, amma bai taɓa koya masa rubuta adadin harbin kowane kwanso ba, saboda haka in akwai laifi a cikin gwangwanin nan, nasa ne.

Suka bi sauran da waya ɗaya bayan ɗaya, yaron ne kuwa da hannunsa ya ware ashirin da shida. Aka bar goma sha ɗaya. Dattijon ya kawo filaya ya ce a murƙushe bakin duk waɗanda aka ware, domin kada wani ya tsinta a bola ya ɗauka ya yi dace, gama araha ba ta ado. Yaron ya yi guda biyu, hannunsa ya tsaya. Kakan bai matsa masa ba, ya karɓi filayar ya ƙarasa da kansa, yaron yana zaune yana juya ɓarin kwanson nan biyu a hannu.

Su goma sha ɗayan da suka rage, da yake a cikin wannan bindiga aka harba su, sun riga sun ɗauki siffar mazauninta, sai dattijon ya matse wuyansu kaɗai ya bar kafaɗa yadda take, wanda shi ne abin da masu irin wannan bindiga suke yi domin rage miƙewa. Duk da haka ya yanke cewa sau ɗaya tak za a ƙara harba su, tun da ba wanda ya san shekarunsu. Ya ciro sabon akwati na kwanso hamsin daga aljihun tebur, ya manna masa farar takarda, ya ba yaron alƙalami ya ce ya rubuta ranar, ya kuma rubuta sifiri a ƙarƙashinta.

Ranar da aka buɗe farauta suka fita tun da asuba, ƙanƙara ta rufe kututturan alkama. Yaron ya saɓa bindigar mahaifinsa, ya cika ta da biyar daga cikin goma sha ɗayan nan, ɓarin kwanson da aka raba da zarto kuwa suna cikin aljihun rigarsa na ƙirji. Dattijon yana biye da shi a baya, ya tsayar da shi a bakin shinge ya miƙa masa tabarau na kare ido, bai kuwa yarda sun ƙara taku ɗaya ba sai da ya ga ya sa.