Ɗanyen Kifi da Kifin Rijiya

A Hausa kalmar "ɗanye" ba ta cika zuwa da alheri ba. In mutum ya yi ɓarna sai a ce ya yi ɗanyen aiki, in alƙali ya yi gaggawa a ce ya yanke ɗanyen hukunci, yaron da ba ya jin magana kuwa ɗanyen kai ke ɗibarsa. Ko a karin magana, inda muka fi jin an ambaci ɗanyen kifi shi ne wurin da ake cewa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ma don a soke shi da tsinke a ɗora a wutar banda ne. Saboda haka mai karatu ba zai yi mamaki ba idan muka ce mu nan Madobi hanya uku muka sani ta cin kifi: ko a soya, ko a yi banda, ko a yi farfesu.

Ba wai kifin ne baƙo a wurinmu ba. Iyayenmu sun ba mu labarin cewa a da sai ruwa ya janye a Challawa ake samun na su, sauran shekara kuma a jira bandar Baga daga Tafkin Cadi. Da Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka ja magudanan ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai shinkafa da alkama da tumatir suka zo, kifi ma ya biyo su. Mu da muka taso bayan haka, tun muna yara muka san bambancin karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, mun kuma san wanda ya kwana daga jajayen kunnuwansa da suka koɗe.

A shekarar 2022 wani taron ƙara wa juna sani ya kai mu Ikko, mu uku malaman makarantar sakandare. Can muka haɗu da wani tsohon ɗalibinmu da ke aikin jiragen ruwa a Apapa, wanda kamfaninsu ya taɓa turawa kwas birnin Busan na Koriya ta Kudu. Yaron kirki ne, ya rantse sai ya karrama malamansa. Mu mun ɗauka tsire ko balangu za a kai mu, sai ga mu a wani gidan abinci na 'yan Koriya a Tsibirin Biktoriya.

Kafin a kawo komai sai aka cika tebur da ƙananan kwanoni, kowanne da ɗan abin taɓawa: kabeji mai tsami da yaji da suke kira kimci, da tafarnuwa ɗanya, da koren barkono, da ganyen latas. Cokali mai dogon hannu da tsinkayen ƙarfe biyu aka ajiye wa kowa. Sannan babban farantin ya iso, tsokar kifi an yanka ta fale-fale, wata fara sol, wata ruwan goro, an jera ta a kan ƙanƙara kamar kayan lefe. Muka yi shiru muna jiran a kawo murhu. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai haka ake cinsa. Hwe suke ce masa."

Babbanmu, wanda ke koyar da addini, shi ya fara warware mana matsalar farko. Ya ce a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka, kuma ƙyama daban, haramci daban. Giyar shinkafar da suke haɗawa da shi ce kawai ba tamu ba, ita kuwa tun a bakin ƙofa yaron ya ce kada a kawo. Da ya gama fatawa sai ya ture farantin gabanmu, shi ya nemi a dafa masa shinkafa. Fatawa ke nan ta malamin da ya san kansa.

Mu biyun muka yi bismilla. Yadda ake yi shi ne, ka shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu, ka tsoma yankan kifin a wata jar miya ta barkono mai ɗan zaƙi da tsami, ka ɗora, ka sa tafarnuwa, ka naɗe, ka kai baki gaba ɗaya. Abin da muka fi tsoro shi ne ƙarni, to babu shi ko kaɗan. Sanyi ne ya fara zuwa, sannan yaji, sannan tsokar da ke da ɗan tauri a haƙori, ba ta narkewa kamar dafaffe. Ba za mu ce mun ji daɗin da za mu saida akuya mu koma ba, kuɗin farantin nan ma ya ɗara na buhun taki, amma lomar ta wuce lafiya, ta biyu ta bi ta. Daga ƙarshe aka kawo romon kai da ƙaya da aka dafa da barkono da ganye yana tafarfasa, suna kiransa meuntang. Nan fa Malam ya ajiye shinkafarsa ya matso, don wannan farfesu ne sak, wanda ko a Kura aka kai shi ba mai tambayar asalinsa.

A hanyar komawa masauki ɗalibin namu ya yi ta ba mu labarin kasuwar kifi ta Jagalchi a Busan, da ta Noryangjin a Seoul. A can mutum zai tsaya gaban akwatunan gilashi cike da ruwa, ya nuna kifin da yake so yana iyo, a yanka a gabansa, ya hau bene ya zauna a kawo masa. Ya ce mutanen Japan sukan bar tsokar ta ɗan kwanta ta yi laushi, su kuwa 'yan Koriya sun fi son wanda yanzu aka fitar da shi daga ruwa. Muka ce ashe halinmu ɗaya, domin mu ma a bakin Tiga ba ma sayen tarwaɗar da ba ta motsi. Ƙasarsu teku ya kewaye ta ta gefe uku, ga sanyi mai tsanani, kuma mutum guda yakan ci fiye da kilo 50 na abincin ruwa a shekara. Mu kuwa tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ga zafin da kifin safe ba ya kai la'asar. Wanda ya fara tanƙwara kifi ya ɗora a hayaƙi ya san rana da ƙudan garinsu. Su ma da za a ajiye musu kwanon soyayyar fara ko a buɗe musu ƙullin daddawa, mun tabbata za su yi irin shirun da muka yi.

Wani abu ya tsaya mana a rai game da rubutunmu. Mun karanta littattafan 'yan'uwa da yawa, in an zo wurin cin abinci sai kaji da lemo, ko da a ƙauye labarin yake. Har yau muna jiran wanda zai rubuta mana mai soya kifi a bakin tasha, da fitilarta, da yajin da take ƙullawa a takardar jarrabawar bara.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami dai ya faru ne a aji. Yaran yanzu suna kallon finafinan Koriya a waya, suna ganin masu cin irin wannan abinci. Da labarin tafiyarmu ya bazu, sai wani ɗan aji biyar ya ce shi ma zai gwada da karfasar da yake kamawa a magudanar ruwan gonarsu. Nan muka ajiye darasin ranar. Kifin da ake ci ɗanye a irin waɗannan gidaje na teku ne, kuma a ƙasashe da dama doka ta ce sai an daskarar da shi a sanyin awo 20 ƙasa da sifiri don tsutsa ta mutu, abin da wutar lantarki irin tamu ba za ta lamunta ba. Kifin ruwan daɗi kuwa su kansu 'yan Koriya ya gasa musu aya a hannu. Mazauna bakin kogin Nakdong da ke cinsa ɗanye sun daɗe suna fama da wata tsutsa mai zama a hanta, wadda a 2009 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Tana bi ta jikin dodon koɗi ne kafin ta shiga kifi. Tsargiyar da ke damun yaranmu ma ta dodon koɗi take bi, sai dai ita ta fata take shiga lokacin wanka ko ban ruwa. Magani ɗaya ake sha wa biyun, wato firazikwantel, ƙwayar nan da ake auna tsayin yara da sanda kafin a ba su a makaranta. Wani kamfanin Koriya mai suna Shin Poong ne ya gano hanyar haɗa ta da araha a 1983, saboda ciwon mutanensu, har sauƙin ya iso Afirka. Balle kuma ruwan magudanar da ake wanki a ciki, dabbobi su sha, maganin feshi ya gangaro.

Yaron bai gamsu sosai ba, don yana ganin mu mun ci mun hana shi. Sai muka ce ya tambayi kawunsa, wanda masunci ne a Tiga tun yana saurayi. Ranar Litinin ya dawo da amsa. Ya ce kawun ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a iya saninsa masu cin kifi ɗanye a ruwan nan biyu ne, kada da zalɓe, sai ya faɗa masa wanne ne ubansa a ciki.