'Yata Ta Sake Nema

Ni manomin rake ne a Matamaye. 'Yata ta ci jarrabawar bak, ta nemi karatun lokotoro, ba a ɗauke ta ba. Dangi suka ce: "Malam, yi mata aure ka huta." Na ƙi. In shuka ta ƙone, manomi ba ya barin gona, wani iri yake nema.

Na sai da tumaki 2, ta shekara tana bita. Bana ta sake kai takardunta, muna jiran amsa.

Da can, sai Jami'ar Yamai ake wannan karatu. Yanzu akwai shi a Maradi da Damagaram, kusa da gida.

'Yan'uwa manoma da makiyaya, matanmu sun fi son mace ta duba su wajen haihuwa. In kowa ya hana 'yarsa, 'yar wa za ta duba su?