Harafi Ɗaya Tsakanin Kano da Damagaram

Da littafin Turanci na koyi Sifaniyanci, irin wanda ake jera ƙasashe a gefe guda, sunan mutanensu da na harshensu a ɗaya gefen. Hadda na yi ta yi: inglés, francés, alemán, duka da ƙaramin baƙi, ba kamar Turanci da ke fara su da babba ba. Abokan karatuna 'yan Ingila, bambancin namiji da mace ne ya ɗaure musu kai, francés da francesa, alemán da alemana. Ni kuwa ko a jikina, don tun ina yaro nake jin Bafaranshe da Bafaranshiya, Bajamushe da Bajamushiya.

Abin da littafin bai koya mini ba shi ne yadda mutane ke kishin sunansu. Wani abokina ɗan Kolombiya ba ya yarda a ce wa mutumin Amurka americano. Ya ce shi ma ai a nahiyar aka haife shi, estadounidense ake cewa. A Basalona kuma da yawa castellano suke kiran harshen da nake ce wa español, kuma sunan da kundin tsarin mulkin Sifaniya na 1978 ya ba shi ke nan, domin Katalanci da harshen Baskawa su ma na ƙasar ne.

Amma nauyin abin bai hau kaina ba sai da na fara tafinta a Almeriya, wajen 'yan'uwanmu masu aiki a gonakin tumatir da ake lulluɓewa da leda. A takardar neman izinin zama akwai gurbin ƙasa. Ɗan Nijeriya nigeriano ne, ɗan Nijar nigerino. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma ba kowane ɗan Sifaniya ya san ƙasashe biyu ba ne.

Wani dattijo ɗan Damagaram ya ciro tasa daga cikin leda, ta sha ninki har ta fara tsagewa. An rubuta masa nigeriano. Ba na jin ma'aikaciyar ofishin da ta cike takardar ta yi da gangan. Tare da wani Bakano suka shiga, suna magana ɗaya, sai ta haɗa su ƙasa ɗaya.

Na ce, "Baba, sai an gyara. Ba ta zo daidai da fasfonka ba."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni dai Bahaushe ne."

Raina ya sosu ƙwarai. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ce ta biyo shi har nan, ga shi ko karanta kalmar ba ya iya yi. Gyaran ya ci watanni. Duk tsawon lokacin aikin yini yake yi ba takarda, ana biyansa ƙasa da na sauran, iyalinsa a gida suna jiran aike.