Jirgin da Kaka ya gani a Dakar

Yau ba maganar farashin hatsi na kawo muku ba, ba kuma ta siyasa ba. Labarin wani ɗan jirgi ne na roba da na kwashe wata huɗu ina shafa wa fenti a nan Maradi, har maƙwabta suka fara tambayar matata ko lafiya nake.

Kakana na wajen uwa tsohon soja ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Nasara suka ɗebe shi tare da samarin garinsu, aka kai su Dakar, aka sa shi gadi a bakin teku. Bai je Turai ba, bai harbi kowa ba, kuma bai taɓa cewa ya yi ba. Abu guda ya dawo da shi, wato labarin wani jirgin sama fari ƙal da ke sauka a kan ruwa kamar agwagwa. Ya ce injinsa huɗu, ya ce cikinsa akwai gadaje da wurin dafa abinci, ya ce idan ya sauka hancinsa kan ja da baya wani mutum ya leƙo ya kama igiya. Mutanen gari suka ce tsohon soja ya fara. Jirgin sama da madafa? Ya sauka a ruwa bai nitse ba? Har ya rasu, idan wani ya shara ƙarya a dandali sai a ce masa, "Wanga kuma jirgin Dakar ne." Inna, wato mahaifiyata, da wannan ba'a ta girma. Ba ta cika maganar ba, amma na san tana ci mata rai.

Sai da na girma na samu intanet a hannu na gane cewa tsohon nan ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Sunan jirgin Short Sunderland, ƙirar Ingila, ya fara tashi a 1937. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ya haura mita 34, tsawonsa mita 26. Aikinsa farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da ke nutsar da jiragen kaya a tekun Atalantika. Tun 1941 Ingilishi suka girke irinsa a Firitawun ta Saliyo da Batas, wadda yau ake kira Banjul. Bayan Afirka ta Yamma ta Faransa ta koma ɓangaren ƙawance a ƙarshen 1942, sai aka bai wa sojan ruwan Faransa nasu a Dakar cikin 1943. Daidai lokacin da Kaka ke tsaye da bindigarsa a bakin ruwa ke nan. Madafar ma gaskiya ce, da risho biyu na kananzir a ciki, saboda jirgin kan wuce awa goma a sama. Hancin kuma ɗakin bindiga ne da ake turawa baya idan za a ɗaure jirgin.

Na kai wa Inna hoton a waya. Ta kai shi kusa da ido, ta mayar nesa, ta miƙo mini. Idonta ya yi yana, abu ƙarami ba ta ganinsa. Ta ce, "Ni ban ga komi ba. Kuma wayar taku mi ne ne ba ta ƙagowa?"

Daga nan tunanin ya zo mini. Ƙanena da ke karatu a Faransa na roƙa, ya samo mini kwalin wannan jirgi na kamfanin Airfix a wajen masu sayar da tsofaffin kaya, ya haɗo da ƴan kwalaben fenti masu narkewa da ruwa. Ma'auninsa 1/72 ne, ma'ana kowane santimita ɗaya a jikin na roba santimita 72 ne a jikin na gaske. Idan an haɗa shi fikafikansa sun kusa santimita 48. Wannan kam Inna za ta iya riƙewa da hannu biyu.

Haɗa shi bai ba ni wuya sosai ba: gam, haƙuri, da goge bakin haɗi har ya ɓace. Fenti ne ya nuna mini iyakata.

Farin fenti, jama'a, ba ya rufa asiri. Wanda ya taɓa shafa farar ƙasa a bangon siminti ya san abin da nake nufi. Robar toka-toka ce, shafa ɗaya ba ta rufe ta, idan kuma ka cika buroshi don ka gama da wuri sai fentin ya taru ya cike ƴan layukan jikin jirgin, ya koma kamar an tsoma shi a kunu. Haka na yi karon farko, dole na wanke na sake. Daga baya na koyi tsarma shi da ruwa har ya yi kamar madara, in shafa siriri, in bari ya bushe, in sake. Sau shida na bi gefunan da cikin kafin farin ya zauna.

Me ya sa ma fari? Da farko cikin irin waɗannan jirage baƙi ake shafa masa ko wani launi mai duhu. Sai masu bincike na sojan Ingila suka lura cewa mai tsaro a kan jirgin ƙarƙashin ruwa sama yake kallo, sama kuwa haske gare ta, don haka baƙin jirgi tun daga nesa ake hango shi, su nitse kafin ya iso. Daga 1941 aka koma shafa fari a ciki da gefuna, bisa kuma aka bar launi biyu masu kama da teku, toka mai duhu da toka mai ɗan kore, don wanda ke sama da shi kada ya rarrabe shi da ruwa. Ashe farin da Kaka ya gani ba ado ba ne, ɓuya ce.

Ga kuma hunturu. A watan Disamba na fara, lokacin da ƙura ke shiga ko cikin tukunya mai murfi. Ka shafa fenti, ka juya ka wanke buroshi, ka dawo ka tarar da jan gari ya zauna a kai. Iska kuma a bushe take ƙwarai, fentin kan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi. Dabarar da na samu ita ce aiki bayan sallar asuba, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in rufe taga, ina gamawa in kife babbar robar wanki a kai. Matata ta nemi robarta ta gaji, ta sayi wata.

Tagogi ne suka kusa sa ni in ajiye aikin. Ƴan ƙanana ne zagayayyu, jere a kowane gefe, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba. Da tsinken sakace na riƙa ɗiga musu farin gam na kafinta kafin fenti, bayan ya bushe in ɓamɓare. Biyu sun faɗa ciki, har yau idan aka girgiza jirgin ana jin su suna kaɗawa. Wayoyin rediyo kuma daga ragowar robar kwalin na yi su: ka kara ta a kan kyandir har ta yi laushi, ka ja a hankali, ta miƙe siririya kamar gashi. Cikin goma, ɗaya ke yin kyau.

Akwai ƴan mutum-mutumin matuƙa a cikin kwalin. Na san Inna ba za ta yarda da su a ɗakin da take salla ba, sai na bar kujerun ba kowa. Hakan ma ya yi daidai, don Kaka a ɗaure ya fi ganin jirgin, ba a sama ba.

Sai maganar tambari. Wanda ya zo a kwalin na Ingila ne, ja a tsakiya, shuɗi a waje, kuma takardar ta tsufa, ina tsoma ta a ruwa ta farfashe. Na Faransa akasin haka ne, shuɗi a tsakiya, ja a waje, na sojan ruwansu kuma da anga a kai. Da hannu na zana shi, da kamfas irin na ƴan lakwal. Wani abokina ya shigo ya same ni ina cikin yi, ya riƙe baki ya ce, "Kai, a wanga zamani kake zana tutar Faransa a gidanka?" Maganarsa ta tsaya mini, kwana biyu ban taɓa buroshi ba. Ni ma ina da abin da nake ji game da waɗanda suka ɗauki saurayi daga gonar ubansa suka kai shi gadin yaƙin da ba nasa ba. Amma ni shaida nake haɗawa, kuma shaidar da aka gyara don ta yi wa mutane daɗi ta tashi daga shaida. Abin da tsohon ya gani shi zan zana. Na ƙarasa angar.

Ranar da na gama, jirgin na ta ƙyalli kamar sabon kwano. Na naɗe shi a zane na kai wa Inna, na fito da ita tsakar gida inda rana take. Ta karɓa, ta shafa fikafikan, ta ƙirga injin da yatsa, ta kawo shi daf da fuska. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Yana da kyau. Amma ba shi ba ne."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Inna, shi ne mana, ga injin huɗu."

Ta ce, "Baba ya ce jirgin nan ƙazami ne. Ya ce bayan fikafikansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, cikinsa kuma da zobe kamar randar da ba a wankewa. Ya ce su da kansu an sha sa su kankare shi. Wanga naka ko ruwa bai taɓa gani ba."

Ban taɓa jin wannan ɓangaren labarin ba. Ashe ba kallo kawai ya yi ba, hannunsa ya taɓa jirgin. Na koma na ƙura wa tsofaffin hotuna ido, sai ga duk abin da ta faɗa, wanda a da idona ke tsallakewa saboda ina neman kyau. Hayaƙin injin ya ja baƙaƙen layuka a bayan fiffike. Daidai inda ruwa ke tsayawa a jikinsa akwai datti mai ruwan ƙasa da kore, don jirgi ne da ke kwana a teku, gansakuka da ƴan halittun ruwa na manne masa. Wajen hanci fenti ya ɓare saboda dukan ruwa da gogar igiya. Gaban fiffike, gefen kowane inji, akwai wasu marufai da ake saukewa su zama dandamali makanikai su tsaya a kai, nan ma duk sawun takalmi ne da mai.

Wato sai in ɓata abin da na yi wata uku ina tsabtacewa. Wallahi hannuna rawa yake ranar da na fara.

Kayan da Turawa ke saya don wannan aiki ba ni da su, sai na duba cikin gida. Na daka gawayi ya yi laushi, na haɗa da ɗan kwallin matata, na ɗiba da busasshen buroshi na ja daga bakin bututun hayaƙi zuwa baya, yadda iska za ta kai shi. Abin da na koya shi ne a fara da kaɗan ƙwarai, don ƙarawa na da sauƙi, ragewa ce babu. Injin farko na cika masa hannu, ya fito kamar wanda ya yi gobara, sai da na sake fentin wurin. Zoben ruwa kuma da shayi na yi shi, irin na farko mai ɗaci wanda ba a sa wa sukari ba, na ɗiga masa ɗan koren fenti. Na manna sikoc don layin ya miƙe, na shafa, na ɗauke da tsumma tun bai bushe ba, ya bar tabo siriri. Ɓarewar fenti da bakin fensir na yi ta, ɗigo-ɗigo, a hanci da gefen ƙofa da inda ake takawa. Ɗakin bindigar hanci, da na riga na manne, na sa reza na yanke shi a hankali na tura shi baya, na ɗaura zaren ɗinki da na jiƙa a shayi ya zama igiya. A wajen yankan ne ɗaya daga ƴan kwale-kwalen da ke ƙarƙashin fiffike ya karye. Na gyara, amma wanda ya duba da kyau zai ga ya ɗan karkace.

Ana cewa Jamusawa sun yi wa jirgin nan laƙabi da beguwa mai tashi, saboda bindigogin da ke tsire a jikinsa. A watan Yuni na 1943 jiragen yaƙin Jamus takwas sun taru a kan guda ɗaya, na ƴan Ostareliya, a tekun da ke yamma da Faransa, ya kakkaɓo wasu, ya lallaɓa da raunukansa har gaɓar Ingila. Bayan yaƙi, a 1948, irinsa ne ya riƙa kai gishiri birnin Balin lokacin da aka toshe hanyoyinsa, don jikinsa an yi shi ne ya jure ruwan gishiri. Wannan na ƙarshe ya fi burge Inna. Ta ce ashe shi ma azalai ya yi.

Karo na biyu ban ce mata komai ba, na dai ɗora mata shi a cinya. Ta bi baƙin layin da yatsa, ta juya cikinsa ta ga zoben, ta taɓa igiyar. Ta sa yatsa a ramin hancin ta ce, "Nan mutumin ke leƙowa." Ba tambaya ta yi ba. Sai ta ce, "Ina madafar?" Na nuna mata ƴar ƙofar da ke gefe, ƙasa da fiffike, na ce tana ciki, ba a gani. Ta ce, "To, ai madafa ba a bainar jama'a take ba."

Ta yi shiru, ta goge ido da bakin mayafi. Can ta kira jikanta ta ce ya je ya kira mata wani tsoho da ke bayan layinmu, ɗan garinsu, wanda tun suna yara yake cikin masu cewa jirgin Dakar. Ya zo yana dogara sanda, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya juya jirgin sama da ƙasa, ya girgiza shi, tagogin nan biyu suka yi ƙara a ciki. Ya ce, "To, wanga ai na roba ne. In an sa shi tabkin Madarunfa sai ya tashi?"

Inna ta karɓe abinta daga hannunsa ta ce, "Ƙirga injin dai, Malam. Nawa ka gani?"

Ya ƙirga. Ya ce huɗu.