Mai Duba Wuta A Birnin Bonn

Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne ya san sunan Bonn kafin ya san inda take a taswira, don daga nan Sashen Hausa na DW ke magana tun da tashar ta taso daga Kolon a 2003. Gari ne mai natsuwa a bakin kogin Rhine, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma. Cikin watan Janairu na sauka, lokacin da gari ba ya wayewa sai bayan ƙarfe takwas, magariba kuma ta yi kafin biyar. Mutanen garin cewa suke sanyinsu wasa ne, wai mai son ganin sanyi ya tafi Bavariya. Ni na Bonn ɗin ma ya ishe ni, don in na fita, yatsuna har ƙin lanƙwasuwa suke yi.

Amma da ka tura ƙofa ka shiga gida, sai ka tuɓe rigar sanyi. Mai masaukina ɗan unguwarmu ne da nake kira Yaya, yana haya a hawa na biyu na wani tsohon bene. A bangon kicin ɗinsa akwai wani farin akwati, shi ne tukunyar ɗumama gidan. Gas take ci, ta dafa ruwa, ƙaramin famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa ƙarafan da aka kafa ƙarƙashin kowace taga, ya zagayo a sake dafa shi. Kusan rabin gidajen Jamus da gas ake ɗumama su, wajen kashi ɗaya cikin huɗu da mai, sauran kuwa ko da ruwan zafi da ake turo wa unguwa daga tasha guda, ko da lantarki, ko da itace. Ke nan a miliyoyin gidaje wuta na ci dare da rana fiye da rabin shekara, mutane na barci kusa da ita, tagogi a rufe ruf. Abin da ya burge ni shi ne ƙasar ba ta bar wa kowa wutarsa ya yi yadda ya ga dama da ita ba.

Wata safiya Yaya zai fita aiki, sai ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a ƙofar benen tun makon jiya. Ya ce, "Malam, yau kada ka yi nisa. Mai duba wuta zai zo kafin azahar. In bai tarar da kowa ba sai ya sake dawowa, kuma ba kyauta zai dawo ba."

Ya zo kuwa, cikin baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, riga mai maɓallai ruwan zinariya jeri biyu, da faffaɗar ɗamara. Asalin sana'arsu sharar bututun hayaƙi ce. Sukan hau rufin gida da igiya da buroshi da dunƙulen ƙarfe, su kakkaɓe kunkunniya kafin ta kama wuta ta lashe unguwa, kuma har yanzu suna yi a gidaje masu murhun itace. Wannan dai na'ura ya zaro daga jaka, ya cusa tsinkenta cikin wata 'yar ɓula a jikin bututun, ya ƙure wutar, ya zuba wa lambobi ido. Abin da yake farauta shi ne iskar nan mai guba da wuta ke fitarwa in ba ta ci da kyau ba, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai ke ɗauke mutanenmu in sun kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko da janareta a bakin taga. A Jamus doka ta yanka mata iyaka: in ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan a hayaƙin tukunyar gas, dole a gyara cikin wa'adi, a dawo a sake aunawa. Tamu ta tsallake. Ya sa hannu a takarda, ya yi sallama, bai ko sha shayin da na haɗa masa ba.

Dattawanmu da suka ga zamanin duba-gari za su gane mutumin nan da sauri, don shi ma shiga gida yake da ƙarfin hukuma, ba da yardar mai gida ba. An kasa Jamus gundumomi fiye da 7,000, kowace da nata mai duba wuta wanda hukuma ke naɗawa na shekara 7. Cikin wa'adin nan sau biyu zai zagaya kowane gida da kansa, ya duba duk inda ake hura wuta, ya ba mai gida takarda mai ɗauke da ayyukan da za a yi da lokacin yin kowanne. Yana riƙe da kundin kowane murhu a gundumarsa. Sabuwar tukunya ba a kunna ta sai ya gani ya amince, wadda ya ga tana shirin halaka mutane kuwa yana iya dakatar da ita nan take. Bajamushe mutum ne mai kishin ƙofar gidansa, har tsarin mulkinsu ya haramta keta ta, amma dokar wannan sana'a ta faɗa ƙarara cewa a nan an taƙaita wannan 'yanci. Mai taurin kai, in tura ta kai bango, hukuma kan zo da mai buɗe makulli. Tun daga 2013 an sassauta kaɗan, bayan matsin lambar Tarayyar Turai: mai gida na iya zaɓar wanda zai yi masa shara da awo, amma zagayen hukuma yana nan a hannun na gunduma. Abin mamaki, mutumin da ke zuwa maka da takardar biyan kuɗi shi ne kuma alamar sa'a a wurinsu. A sabuwar shekara har 'yan gumakansa ake sayarwa a tukwanen fure, wasu kuma in sun gamu da shi a hanya sai sun taɓa maɓallin rigarsa.

To, nawa abin ke ci? Zuwan mai duba wuta ba kasafai yake kai Yuro 100 ba. Makanikin da ke wanke tukunya ya daidaita ta sau ɗaya a shekara kan karɓi tsakanin Yuro 100 da 200. In famfo ya mutu ko ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, maganar ɗaruruwa ake yi, in kuma cikin dare ne ko ranar Lahadi aka taso makaniki, kuɗin ya ƙaru. Sabuwar tukunya da kuɗin kafa ta dubbai ne. Sai dai an raba nauyin yadda ɗan haya ba zai kwana cikin ɗari ba. Gyara na mai gida ne. Kuɗin dubawa na shekara ana iya ɗora wa ɗan haya in an rubuta a yarjejeniya. Daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, bisa abin da kotuna suka saba yankewa, dole ɗaki ya iya kai digiri 20 zuwa 22 da rana, in kuwa tukunya ta mutu aka bar ta, ɗan haya na da ikon zaftare kuɗin haya. Wanda ba shi da aiki yana karɓar tallafin gwamnati, ita ke biya masa kuɗin ɗumi muddin bai wuce kima ba.

Na iske ƙasar tana cikin gardamar abin da zai gaji gas. Kafin yaƙin Ukraine fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigo da shi daga Rasha yake zuwa, da ya yanke a 2022 har ofisoshin gwamnati aka hana su wuce digiri 19. A watan Satumban 2023 majalisa ta zartar da dokar da ministan tattalin arziki na lokacin, Robert Habeck, ya sha zagi a kanta: sabbin injinan ɗumama gida, daki-daki, su riƙa samun kashi 65 cikin 100 na ƙarfinsu daga makamashi mai sabuntuwa. Abin da ake turawa gaba shi ne injin da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ko daga ƙarƙashin ƙasa, wanda kafa shi a gida guda kan tasam ma Yuro 30,000. Gwamnati ta ɗauki kashi 30 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin, ta kuma bar mai tsohuwar tukunya ya ci gaba da gyara abarsa. Duk da haka ƙorafi bai kwanta ba, har gwamnatin da ta hau a 2025 ta yi alƙawarin sauya dokar.

Na tambayi Yaya ko mai gidansu za ta canza tukunyarsu. Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwar nan? Ta ce sai ta ga taswirar da birni zai fitar ta unguwannin da za a kai wa bututun ruwan zafi. In namu layin na ciki, ba za ta kashe ko sisi a kan sabon inji ba."